Gonar Ƙarƙashin Tafki

Farkon Agusta

Zuwa ga Baban Chiharu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan jiki da sauƙi, kuma hannun hagun ya fara jin magana. Yaya zaman asibiti? Na koma rubutu ne don a waya ihu nake yi har maƙwabta su ji sirrinmu kaf, kai kuwa ba ka ji komai ba.

Ruwa dai shiru. Damina ta leƙo ta wuce. Tafki ya ja baya har dutsen nan mai alama ya fito, wanda ka ce sau ɗaya ka taɓa ganinsa kana yaro. Makullin tafkin da ka bar mini ya zame mini ƙarfen ƙafa. Wuni nake ina bin magudana, in buɗe wa wannan, in toshe wa wancan, ina auna wa kowace gona lokacinta da agogo, kowa na kallona kamar ni na shanye ruwan. Jiya tsoho Miyatake ya tare ni, wai, “Harue, agogon nan naki in an zo gonata gudu yake, in an je ta wasu sai ya kama rarrafe.” Na ce, “To Kawu, ɗauko turaren tsinken da kakanninku ke auna lokacin ban ruwa da shi mu kunna, in idonka zai ga hayaƙin.” Ya tafi yana ƙunƙuni. Na gaji, Kuniyoshi. Gwiwoyina sun gaji, bakina ya fi su.

’Yarmu Chiharu ta ce kana takawa da sanda har ƙarshen baranda, kana gaya wa masu jinya cewa da ƙafarka za ka shiga gonar ƙarƙashin tafki ka yanki damin farko. Shinkafar tana nan kore shar, ta fara ciki. Ka ci abinci, ka daina faɗa da likita.

Taka,
Harue

Ƙarshen Agusta

Baban Chiharu,

Ina gaishe ka, ina yi maka ya jiki. Ka zauna kafin ka karanta wannan.

An yi taro a zauren ƙauye. Ka fi ni sanin al’adar: in ruwa ya sauka ƙasa da dutsen, a yanke wa wata gona ruwa ta mutu don sauran su rayu, kuma mai makulli ke faɗin suna. Kowa ya sunkuya yana kallon kofin shayinsa. Miyatake ya ce a yanke wa na ƙarshen magudana, tunda rabin ruwan a hanya yake ƙarewa. Ba ƙarya ya yi ba. Amma gonakin ƙarshe na Nonomura ne da matarsa, waɗanda suka baro birnin Osaka bara, su kaɗai ne marasa furfura a ƙauyen nan. Nonomura ya ɗago kai ya ce, “Ba komai, mu ne baƙi.” Matarsa na gefe tana jijjiga jaririyarsu. Na san in gonarsu ta mutu, kafin sanyi ya shigo sun tattara nasu ya nasu. To wa zai yashe magudana baɗi? Mu da muke tafiya a duƙe?

Sai na faɗi sunan gonarka ta ƙarƙashin tafki. Ita ce mafi girma, ruwanta ya ishe su. Miyatake ya zabura, “Ke, lafiyarki? Mai gona na kwance!” Na ce, “Ni ya ba makulli, ba kai ba.”

Da hannuna na toshe mata baki da buhun ƙasa. Yanzu ƙasar ta tsattsage, zangarniya ta fito fara fat, ba ƙwaya. Kullum ina wucewa ta gefenta da ruwan wasu, ina kawar da kai. Abin ya yi mini ciwo fiye da yadda na zata. Na hana Chiharu ta gaya maka don ka ji daga gare ni. In za ka yi fushi, da ni za ka yi.

Matarka,
Harue

Tsakiyar Satumba

Kuniyoshi,

Gaisuwa da fatan alheri. Ba ka ba ni amsa ba. Chiharu ta ce ka juya wa kowa baya, sandar ma ka ƙi taɓawa.

Ruwan ya zo. Guguwar teku ce ta kawo shi, na wata guda ya sauka a wuni ɗaya, tafki ya cika har baki. Washegari aka kira daga ofishin gari, wai wata guguwar na biye, a rage ruwan tafkuna kada bango ya ɓalle a kan gidaje. Haka za a riƙa yi daga yanzu, in ji yarinyar da ta kira, cikin ladabi. Na ce to. Ruwan da na yi rowarsa har na ɓata da rabin ƙauye, ni na buɗe masa ya tafi teku. Na tsaya a kan bango ina kallo, ko ƙarfin yin tsaki ban samu ba. Gonarka ma ta sha har wuya, yanzu da ba ta da bakin sha.

Shinkafar su Nonomura ta kwanta, amma ta yi ƙwaya. Suna ta ɗaga ta suna ɗaurewa, Miyatake na tsaye a kansu yana faɗa, wai ba haka ake yi ba.

Ba zan yaudare ka ba, bana ba damin da za ka yanka. Na san don gonar nan kake takawa, kuma ni na kashe ta. Da za a sake taron, abin da na faɗa zan sake faɗa. Ba ni da sauran abin da zan jawo ka gida da shi, sai tsohuwa mai ciwon gwiwa wadda ta gaji da cin abinci ita kaɗai. In wannan ya isa, ka ɗauki sandar.

Ka huta lafiya. Ina jira.

Taka har kullum,
Harue