Juyi Ɗaya, Sannan Jira

Haɗeja, daren Laraba, ƙarshen damina

Yau kwana tara da Baturen gona ya damƙa mini ƙofar ruwan fadamar shinkafa, yau kuma na yi ɓarna.

Da hantsi na duba turken awo a ƙarshen magudana, ruwa bai kai jan zane ba. Na koma na murɗa ƙarfen ƙofa sau uku. Na sake dubawa, ko motsi babu, sai na ƙara uku. Da azahar ruwa ya haye zanen, ya shanye dashen Baba Bukar, wani tsoho mai gona a ƙarshen magudanar. A ruɗe na rufe ƙofar ruf, kafin la'asar gonakin sama suka fara ƙafewa. Haka na wuni, in buɗe ya yi yawa, in rufe ya yi kaɗan.

Baba Bukar ya same ni, taɓo har gwiwa. Na zaci zagi zan sha. Sai ya ce, “Malam, ruwan da ka saki da hantsi sai azahar yake isowa gonata. Turken ba ƙarya ya yi maka ba, ba ka jira amsarsa ba ne. Murɗa ɗaya, ka je ka yi salla, ka dawo ka duba.”

Na gwada. Kafin magariba ruwa ya tsaya daidai zane.

Abin da ya hana ni barci shi ne, Bature ya faɗa mini haka ranar farko, har na rubuta. Fangali biyu na dashen shinkafar tsohon nan suka tafi kafin in ji. Gobe da asuba ni zan dasa masa su.