Jatau Ya Ƙi Sauke Ƙafa

Abban Hanifa,

Assalamu alaikum. Na san ba za ka amsa ba, ba kuma za ka karanta ba, amma hannuna ya ƙi zama wuri ɗaya. Na share gidan nan na sake sharewa, na wanke labulen da ba shi da datti. Gara in rubuta maka ko na samu in zauna.

Hanifa tana nan lafiya wurin Hajiya a Ningi, har yanzu cewa take ka yi tafiya. Ni kuma ina nan unguwar Cheras a Maleshiya, takaba ta kulle ni, dokar korona ta ƙara kullewa. Maƙwabciyarmu takan rataya min abinci a ƙofa, ta ƙwanƙwasa ta gudu. An sa sunana a jirgin da zai kwashe 'yan Najeriya da zarar na fita takaba.

Saura Jatau. Fisabilillahi, ka tafi ka bar ni da kare? Ni Rabi, da ko inuwarsa ba na so ta taɓa min zane?

Ka tuna yadda ka shigo da shi. Tsoho Tan, mai gonar kwakwar manja, ya ji kana karatun likitan dabbobi kuma kai ɗan maharbi ne, ya ba ka ɗan kwikwiyonsa ka horar masa don harbin kajin daji. Jan kare siriri, wai shi vizsla, sunan da har yau harshena bai iya ba. Ka ce ɗan lokaci ne. Sai aka rufe gari, ya zama ɗan gida.

Kullum kana tsakar gida da fiffiken tattabara ɗaure a sanda. Ta tagar kicin na haddace aikin duka, ban taɓa gaya maka ba. Kare ya shinshino tsuntsu, ya ƙame, ƙafar gaba ɗaya a sama, hanci ya nuna wurin, har mai bindiga ya shirya. Sai a sallame shi ya tayar da tsuntsun, in an harbo ya ɗauko ba tare da haƙori ya huda shi ba. Zauna, tsaya, kawo, bari. Ina ta yi maka tsiya wai ka mai da karen Turai Bahaushe, kana dariya. Daga ni har kai, ba wanda ya tuna tsoho Tan ba ya jin Hausa. Wane irin ganganci ne wannan, kai da karatunka?

Da aka ɗan buɗe hanya sai ga tsohon ya zo, da takunkumin korona a fuskarsa, ya tsaya nesa ya yi min ta'aziyya. Ya yi wa Jatau Turanci, ya yi masa yarensu, ya yi na Maleshiya. Kare ya kalle shi ya yi hamma. Tsohon ya ce karen da ba ya jin magana a gaban bindiga, ko a harbe shi ko ya sa a harbi mutum. In bai ji ba, sai dai a miƙa shi ga ma'aikatan da ke kwashe karnuka, kuma ka san wanda ya shiga motarsu ba ya dawowa. Maƙwabta ba mai karɓa, mutanen da in kare ya lashe su sai sun yi wanki da ƙasa. Jirgi kuma ba zai ɗauke shi ba.

Wallahi haushi ya kama ni, naka da na karen. Amma na zage na zama malamar Hausa. Tsohon yana bakin ƙofa, ina daga ciki, ina faɗa yana maimaitawa. Da ka ji yadda yake jan “kawo”, da cikinka ya yi ciwo. A hankali Jatau ya fara bin sa.

Jiya da hantsi wata kurciya ta sauka gindin katanga. Jatau ya ƙame. Ƙafa a sama, jiki yana ɓari. Kurciya ta gama kiwonta ta tashi, shi bai motsa ba, yadda ka koya masa. Tsoho Tan ya tambaye ni kalmar sallama. Na ce tafi, na ce je ka, na ce tashi, na ce shi ke nan. Ko kunnensa bai kaɗa ba. Rana tana dukansa, miyau yana zuba. Tsohon ya girgiza kai, ya fara lalubar makullin mota.

A nan na tuna. Ai a wannan gaɓar ba ka magana. Ka ce babanka ya hana, surutu yana korar fakara. Sai dai ka sanɗa ka je, ka ɗora masa yatsu biyu a tsakiyar ka. Na gaya wa tsohon, ya gwada, kare bai san hannunsa ba.

Abban Hanifa, na taɓa shi. Ni ɗin nan. Kansa da ɗumi, daidai inda kake sa hannu. Ya sauke ƙafa, ya zabura, ya zagaya gidan, ya dawo ya jingina da ni, kuma ban ture shi ba. Muka yi ta maimaitawa, ina taɓawa tsohon yana taɓawa, har ya yarda da nasa. Gobe zai tafi da shi gona ya gwada shi a gaban bindiga. In ya ci, ya tsira. In ya tsaya jiranka fa? Tun jiya tambayar nan take cina.

Ina kewarka, ina kuma fushi. Mutanen asibiti ba su bar ni na gan ka ba. Wasu mutane cikin fararen kaya suka binne ka, na kalla ta waya kamar labarin wani. Ba ka ce min komai ba, ban ce maka na yafe ba, alhali na yafe tun tuni. Tun ranar da motar asibiti ta fita da kai nake tsaye, ina kallon ƙofar nan. Shi Jatau an samu mai sallamarsa. Ni wa zai ɗora min hannu in tafi?

Allah Ya jiƙan ka, Ya haskaka makwancinka. Sai na zo.

Matarka,
Rabi