Sunan da Na Cire Daga Katin Bikinmu

Zuwa ga sanyin idona, Jawahir 'yar Abdulhalim Caudari, furen Ɗa'ifa da aka tsinko tun rana ba ta taɓa shi ba, ruwan sama na farko a kan duwatsun Makka, iskar dutsen Hada mai saukowa lokacin da gari ya gasu!

Assalamu alaiki. Ki duba yadda na rubuta sunanki a sama, cikakke, ko harafi bai ɓace ba. Da haka na yi tun farko, da yanzu ba na zaune a bayan shago tsakanin matattun mukayyif, na'urorin sanyaya ɗaki, ina tauna bayan biro kamar ɗan jarrabawa. Kwana tara ke nan ba ki ɗaga wayata ba. Kwana tara, ya Jawahir! Ni da sana'ata sanyaya gidajen mutane, ga ƙirjina ya zama tanderu, kuma a duk unguwar Rusaifa babu makanikin da ya san kan wannan gyaran. Wane irin zafi ne wannan da inuwa ba ta maganinsa? Ko tantabarun Harami da na wuce jiya gani na yi kamar sun juya mini baya, sun bi bayanki.

Kin tuna ranar da na fara zuwa gidanku a unguwar Shisha? Tsakiyar zafi ne, mukayyif ɗin falonku ya mutu, Umma ta kira shagona. A bakin ƙofa na ga ɗan allon tagulla an rubuta sunan gidan, na ce a raina yau gidan Indiyawa na zo, sai na gyara Larabcina. Ina shiga ƙamshi iri biyu ya tare ni, kifi da kayan yajin Bangala ta nan, miyar kuka da man shanu ta can. Ina kan tsani riƙe da sukurdireba, sai na ji wata murya daga bayan labule, da Hausar Kano tas: "Umma, ki ce masa safarsa ma ba ta da tsabta, kada ya taka mana kafet." Wallahi saura ƙiris in faɗo. Ban ga fuskarki ba ranar, amma muryar ta shige ni kamar kurɓin Zamzam mai sanyi bayan sa'ayi. Gyaran minti ashirin na ja shi har la'asar. Washegari na sayi safa dozin.

To yanzu ga laifina, in faɗe shi da bakina, don ni ba mutum ba ne mai zagaye-zagaye. Da za a buga katin bikinmu, Gwaggo Hadijatu, wadda ta raine ni, ta karanta rubutun ta taɓe baki. Ta ce, "Kai Lurwanu, wannan Caudari kuma sunan ina ne? Kada baƙi su ce ɗanmu ya auro daga gidan masu gunki." Ni kuma da girman kaina na ce wa mai ɗab'i ya tsaya a kan Abdulhalim, halas, shi ke nan. Ban tambaye ki ba. A tunanina ma gata na yi miki, na rage miki tambayoyin mata a wurin biki. Sai ga katin ya dawo mini ta hannun Umma, da rubutunki a bayansa: "Babana bai bar ɗa namiji ba. Wannan ce takarda ta ƙarshe da za ta zaga Makka da sunan gidansa. In babu wurinsa a kai, a share ranar ma, ni babu ranar da zan sa."

Na karanta sau uku a tsaye. Sai na zauna.

Kin san ni. Ina ɗan shekara sha shida na fara tura alhazai a keke tsakanin Safa da Marwa, sakandare ma da kyar na ƙarasa, ba wanda ya bar mini ko ƙusa. Yau shago biyu gare ni da motar aiki, da sunana a jikinta manya-manya, kuma ranar da mai fenti ya ci mini harafi ɗaya sai da na sa ya goge duka ya sake. Ni ke nan da na iya haka a kan gwangwanin mota, na ɗauki sunan da kakanki ya ƙetaro teku da shi na share kamar ƙura a kan tebur. Kaico, Lurwanu!

Amma ban tsaya ga kaico ba. Na tafi Aziziyya wurin wani dattijo ɗan Bangala mai sayar da kayan yaji, Baba Nasrullahi, wanda aka ce mini ya san kakanki. Tsohon nan ya wahalar da ni! Sai da na sha shayinsa mai madara kofi uku, na kuma duba masa firjinsa kyauta, kafin ya buɗe baki. Ya ce sunan ya fito ne daga tsohon harshen Hindu, Sanskirit, wanda yawancin harsunansu suka fito daga cikinsa. Kalma biyu aka haɗa, ɗaya na nufin huɗu, ɗaya na nufin mai riƙewa ko mai ɗaukar nauyi. Mai riƙe da huɗu ke nan. Na ce huɗun me? Ya yi dariya ya ce ko a can ma ba a gama wannan gardamar ba, wasu su ce ma'aunin gona ne, wasu su ce kusurwa huɗu na gari. Abin da ba gardama a kai, in ji shi, sarauta ce ta mai riƙe da ƙasa da jama'ar ƙauye, sarakunansu na Musulmi ma sun riƙa naɗa mutane da ita, daga baya ta zama sunan gida. Musulmi na amsa shi, wanda ba Musulmi ba na amsa shi, daga Bangala har Fakistan. Su a can kowa da yadda yake furta shi, Larabawan nan kuma su ce Shudari don harshensu ba ya ɗaukar harafin farko. Ya ce kakanki kuwa, duk da ɗinki yake yi a ƙaramin shago bayan ya zo Hajji ya zauna ya auri kakarki Bakanuwa, ba ya bari a taƙaita masa sunan nan ko a kan takardar awo.

Ashe 'yar dagaci nake nema ban sani ba! Shi ya sa tafiyar nan taki ta ƙasaita, kamar hadari ya taso daga Arfa yana tahowa a hankali. Shi ya sa kallo ɗaya kike yi wa mutum ya gyara zama. Ke dabinon ajwa ce, ɓawo ba hayaniya, ciki zuma. Ke wata ce ran sha huɗu a kan Dutsen Nur, ni kuma wawan da ya ɗauko tsumma wai zai goge miki gefe.

Daga can gidan Gwaggo na wuce. Na durƙusa na gaishe ta yadda ya kamata, sannan na ce, Gwaggo, maƙwabcinki Alhaji Awwalu Galadima, a wace sura aka saukar da Galadima? Ta ce ai wannan sarauta ce ta iyaye da kakanni. Na ce to Caudari ma haka, Galadimansu ne na can. Ta ja carbinta, ta ce, "To ai sai ka faɗa tun farko, kai ma da ƙaton kanka." Kin ji, laifin ya sake dawowa kaina, kuma na karɓa. Ta ce ma in gaya miki ita za ta kawo turaren wuta na amarya.

Katunan da na riga na raba, arba'in da uku, na bi su gida-gida na karɓo. Ni, Lurwanu, da ban taɓa komawa ƙofar mutum in ce na yi kuskure ba! Abokina Talal ya bi ni a mota yana ta shaƙiyanci, wai tun ba a ɗaura ba an sa ni sintiri, in an ɗaura sai goyo. Na ce masa ya yi ta dariya, tuzuru ba ya sanin daɗin wahalar nan. Guda ɗaya ne ban samu ba, wata tsohuwa a Rusaifa ta riga ta naɗe goro da shi.

Ga kuma alkawarin da ba ki nema ba. Na san 'ya'yanmu sunana za su ɗauka, haka shari'a ta ce. Amma in Allah ya ba mu namiji, Abdulhalim za mu sa masa. Kin san al'adarmu, ba za ki iya kiran sunan mahaifinki gatsau ba, dole a nema wa yaro laƙabi. Wasu su ce Abba, wasu su ce Baffa. Namu Caudari za a kira shi. A tsakar gida, a makaranta, a filin ƙwallo, a bakin shagona, har ya yi furfura a garin nan ana kiransa da shi. In kuma mata Allah ya jero mana, zan zaunar da su in ba su labarin sunan da kaina, har da kofi ukun da na sha.

Ya hasken safiyata, ya inuwar da nake gudu zuwa gare ta, ki tausaya. Me ya rage mini in kin juya baya? Shago biyu da ƙarafa? Mukayyif ba ya hira, mota ba ta tsokanar mutum a kan safa. Sabon katin yana cikin ambulan ɗin nan. Sunan Baba, Allah ya jiƙansa, yana nan cikakke, da harafi daidai girman na mahaifina, na auna da kaina. Wuri ɗaya na ce wa mai ɗab'i ya bari fari, wurin rana. Wannan karon ba zan yanke komai ni kaɗai ba. Ki rubuta ranar da hannunki, ko jibi ko bayan Hajji, ki ba Umma ta aiko mini. Wayata tana aljihun gaba, na ƙure mata ƙara.

Naki, yau da gobe, har ranar da za a ɗauke ni zuwa Harami a yi mini sallah, ba sauyi ba waiwaye,

Lurwanu Mailafiya,
surukin gidan Caudari, in kin yarda.