Damisar Gindin Ɓaure

Litinin, 3 ga Yuni

Yau na ga abin da ban taɓa gani ba a shekara tara da nake tuƙa baƙi a gandun dajin Arusha. Damisa ta haihu a kogon dutse, gindin tsohon ɓauren da ke bayan tafki. 'Ya'ya biyu, ko ido ba su gama buɗewa ba. Baƙin da na ɗauko, tsofaffin malamai biyu daga Moshi, hankalinsu na kan raƙuman dawa. Ban tsaya ba, na wuce abina.

Mutum ɗaya na gaya wa, Yaya Ndelekwa. Wa zan gaya wa in ba shi ba? Shi ya koya mini tuƙi, shi ya koya mini cewa ba a tara wa mai jego motoci. Ya dafa ƙirji ya ce, "Ƙanwata, a cikina zai ruɓe."

Alhamis, 6 ga Yuni

Mota goma sha ɗaya a gindin ɓaure. Ta Yaya ce a gaba.

Juma'a, 7 ga Yuni

Jiya layi ɗaya kawai na iya rubutawa. A rediyon mota na ji muryarsa, har da dariya: "Ku taho bayan tafki, yau akwai biki!" Ko da na isa, wasu sun sauka daga hanya sun tattake ciyawa, baƙi sun miƙe ta rufin mota sai ɗaukar hoto suke. Uwar ta fito da ɗa guda a baki, ta ratsa tsakanin tayoyi ta shige kurmi. Ɗayan ta bar shi yana kuka. Na jira har lokacin rufe ƙofa ya yi, ba ta iya dawowa ba, motoci ba su bar wurin ba.

Da safe ma'aikacin gandu ya nuna mini sawun kura a bakin kogon. Ɗan da ta bari ba ya ciki.

Lahadi, 9 ga Yuni

Bayan coci, gidan Mama. Ta dafa ayaba da nama. Yaya ya zauna yana ci kamar ba shi ba. Da na tanka, sai ya ce, "Haba Eliaichi, mage ce fa babba. Gandunmu ɗan mitsitsi ne, kowa babban gandun Serengeti yake tafiya. In baƙo bai ga damisa ba, kin taɓa ganin ya dawo?"

Na ce, "Ai sai ka ce mini ba za ka iya riƙewa ba."

Mama ta ce kada mu ɓata zumunci a kan naman daji. Na wanke hannu na tashi.

Ba shi kaɗai nake jin haushi ba. Bakina ne ya fara.

Asabar, 15 ga Yuni

Yaya ya aiko matarsa da buhun wake. Na karɓa don kunyarta.

Laraba, 26 ga Yuni

Na ga damisar yau, ɗan da ta ɗauke yana bin ta, ya yi ƙiba. Ko a littafin nan ba zan rubuta wurin ba.

Ina kallonsu rediyo ya yi ƙara. Yaya ne. "Ƙanwata, akwai wani abu ta wajenki?" A hankali ya yi maganar, irin ta mai neman shiri.

Na ce, "Ɓauna ne kawai, Yaya."

Ya ce to, Allah ya kiyaye hanya. Na ce amin. Muryata ko rawa ba ta yi ba. Akwai ɓaunan ai, guda uku, can nesa.