Ranar da Na Kai Ciniki Majalisa

Litinin, 3 ga Maris

Allah ya saka wa 'yan majalisarmu da alheri. Mutanen kirki. Sun duba sun ga ba mu iya kula da jikinmu ba, sai suka ce za su yi doka, kowa ya shiga inshorar lafiya ko yana so ko ba ya so. Irin wannan ƙauna ko mahaifiyata ba ta nuna mini ba. Ita takan lallashe ni kafin ta ɗura mini magani.

Mai agogo, maƙwabcin rumfata, ya ce doka ce mai kyau. Na ce tsarin mulki bai ba su wannan ikon ba. Ya ce a wane shafi? Na ce ya je ya nema. Ni ma ban sani ba, amma ɗan karatun shari'ar da na taɓa kafin in faɗa sayar da takalmi ya ishe ni rufe bakin mai agogo.

Laraba, 5 ga Maris

Shugaban kasuwa ya ce kwamitin majalisa zai saurari jama'a Alhamis ta sama a kan iyakar ikonta, kuma ni zan yi magana da yawun 'yan kasuwa. "Kai ne Lauyanmu." Na yi kamar ba na so. Tuni na aika babbar rigata wajen mai guga.

Asabar, 8 ga Maris

Dogo, babban ɗana, ya zo daga bariki. Muna cin abinci ya ce an gaya wa rundunarsu su shirya, za a tsallaka iyaka. Uwarsa ta ajiye cokali.

Na ce ai ba a shiga yaƙi sai majalisa ta kaɗa ƙuri'a, wannan kam na tuna. Ya yi dariya. "Baba, ba yaƙi suke ce masa ba. Aiki na musamman." Na ce su mutanen can, an sanar da bindigoginsu?

Na duba takalminsa a bakin ƙofa. Dunduniyar dama ta cinye ta gefe. Tun yana tatata haka yake taka ƙasa.

Litinin, 10 ga Maris

Na sayi kundin tsarin mulkin a bakin tasha. Da ban saya ba. Nan ya ce majalisa na iya yin doka don walwalar jama'a, can ya ce ba a tauye wa mutum 'yancinsa. Nan ya ce babu yaƙi sai da yardarta, ka juya shafi ya ce shugaba ne babban kwamanda. Kamar ka buɗe kwali ka tarar duk ƙafa biyun na hagu ne.

Mai agogo bai ko cire gilashin idonsa ba: "To Lauya, majalisar nan, ƙarfi kake so ta yi ko laushi?" Na ce ya danganta. Ya ce da me? Na ce ga mai saye can.

Babu mai saye.

Talata, 11 ga Maris

Na samo dabara, kuma tsohuwar dabara ce. Ba a fara ciniki daga ƙasa. Zan ce musu ba su da iko a kan komai. Za su tashi da gardama, in ɗan sauko, su ɗan hau, mu haɗu a tsakiya: ku sakar mana aljihu, ku riƙe maganar yaƙi da hannu biyu. Da haka na aurar da 'ya'ya, da haka na yi rufin gidan nan.

Maman Dogo ta ce, "Malam, ka dai faɗi maganar yaron nan da fari." Na ce mai kaya ba ya nuna abin da ya fi so.

Alhamis, 13 ga Maris

Ɗaki mai sanyi kamar cikin firji. Dogon teburi, ruwan gora gaban kowa, makirufo mai jar fitila. Rabinsu na latsa waya.

Da aka kira ni na miƙe na zuba. Na ce majalisa ta san matsayinta. Na ce abin da ba nata ba ne ta cire hannu. Na ce ta cika shisshigi, yau jikinmu, gobe ɗakin kwananmu. Har dariya aka yi. Sai na yi shiru irin namu, ina kallon rufi, ina jiran wani ya taya.

Shugaban kwamiti ya ce, "Mun gode, an rubuta." Jar fitilar ta mutu.

Na ce ranka ya daɗe, ban gama ba, farkon magana ke nan. Wani ma'aikaci ya riga ya dafa mini kafaɗa, mai magana na gaba yana tsaye a bayana. Ba wanda ya ce in rage. Suka saye kayan a yadda na faɗa.

Ban kai ƙofa ba wani mai sheƙin goshi daga ɓangaren gwamnati ya kunna tasa fitilar. "Kun ji 'yan kasuwa da bakinsu, majalisa ta san matsayinta. To me zai kai mu cikin aikin soja?" Akwai wata 'yar majalisa da tun safe take ta neman a yi ƙuri'a a kan tura sojojin. Ta ɗago ta dube ni. Ta mayar da kai kan takardunta. Da ma zagina ta yi.

Juma'a, 14 ga Maris

Rediyo ta sa muryata. Duk layinmu ana ta Lauya, Lauya. Dogo ya bugo: "Baba, an ji ka a bariki. Ogammu ya ce ka iya magana."

Litinin, 17 ga Maris

Kwamiti ya ce maganar sojoji ba huruminsa ba ce, ba za a yi ƙuri'a ba. Dokar inshora kuwa ta wuce salin alin. Wato suna da ikon da na hana su, ba su da wanda na so in ba su. Ko kuwa akasin haka ne a rubuce? Na sake buɗe kundin, na rufe.

Mai agogo ya ce in kwantar da hankalina, sun gama shawararsu tun kafin a goge rigata. Ban san wanne ya fi ba, a ce ni na jawo, ko a ce ko ƙuda ban kora ba.

Laraba, 19 ga Maris

Su Dogo sun tafi. Ban samu na sa an gyara masa dunduniyar ba.

Asabar, 22 ga Maris

Jinin Maman Dogo ya hau, mun wuni asibiti. Tun da ga mu a wurin, kuma layin ba shi da tsawo, na yi mana rajistar abin nan. Ba wai na sauya ra'ayi ba ne. Mai ɗaukar hoton ta ce kamar ta san muryata, na ce mura nake yi.

Da yamma wani ya ɗaga takalmi ya ce nawa. Na gaya masa kuɗinsa na gaskiya, kai tsaye. Ya dube ni, ya ajiye, ya wuce. Ya ɗauka da wata a ƙasa.

Na ji 'yar majalisar nan za ta sake tayar da maganar ƙuri'a, tana neman iyayen sojoji su zo su zauna a zauren. Mai agogo ya ce zai duba mini rumfa. Ban ce zan je ba. Rigar dai tana wajen mai guga.

In na je na ce yanzu ga ainihin farashina, su da suka riga suka biya na farko, wa zai saya?