Janar Mai Rago Bai Tsallake Ruwa Ba

Litinin, 11 ga Maris

Jikata Itatí ce ta kawo min littafin nan daga kantin maganin da take aiki, wai in riƙa rubuta lokacin da kakanta ya sha ƙwaya. Na ce ke 'yar nema, abin da nake ɗura masa da hannuna sai na rubuta? Amma takardar ta yi kyau, ba a barinta haka.

To, ya sha. Ya yi tari har kaji suka watse.

Eleuterio aka sa masa a coci, gari na ce masa Telo, ni kuwa Janar nake kiransa tun muna saurayi da budurwa. Yau Janar ya manne kunne a rediyo. Wai majalisar jiha za ta duba dokar tsofaffin sojoji.

Alhamis, 14 ga Maris

Bari in rubuta dokar yadda na gane ta, don kullum Itatí ta bayyana min sai ta zube daga kaina.

Duk wanda ya yi yaƙin tsibiran Malvinas da Ingilishi, jiha ta ɗauke masa magani, ta ba shi fansho, in ya mutu a lulluɓe shi da tuta a kai shi kusurwar sojoji a maƙabarta. Sai dai an maƙala wata 'yar magana a wutsiya: wanda ya tsallake ruwa. Telo kuwa an kwashe shi yana ɗan sha tara, aka kai shi Comodoro can kudu, aka ajiye shi bakin teku har aka gama. Tsibiran ko a mafarki. Irinsu sunansu *movilizado*, waɗanda aka tara. Na ce masa kamar itacen girki ke nan, an tara ku ba a sa ku a wuta ba.

Yanzu wasu sun kai ƙudiri a cire maganar ruwan.

Fanshon bai dame shi ba, abin haushin ke nan. Kusurwar yake so. Likita ya saurari ƙirjinsa ranar Talata, ya gama ya kalle ni, bai kalle shi ba. Ya ce mu lura da sanyin bana.

Talata, 19 ga Maris

Matan layi sun zo murza chipá, ɗan burodinmu na garin rogo, suka ce sai na ba su labarin rago. Sun ji shi ya fi a ƙirga, amma haka suke.

Na ba su. Janar yana gadi bakin teku, bindiga ta fi shi tsawo, haƙora na kaɗawa. An ce musu Ingilishi za su fito daga ruwa. Ya ji motsi. Ya ce wane ne, shiru. Ya ce da harshen Ingilishi wane ne, abin ya ce *baaa*. Janar ya ce lallai Bature ne, haka suke magana. Ya saki wuta. Gari ya waye ga babban kwamandan Ingila kwance da ƙaho biyu, aka gasa shi aka cinye ba tare da an yi masa tambayoyi ba.

Har da hawaye suka yi. Kullum ina ƙara masa gishiri, yau na sa wa ragon gemu da lambar girma.

Telo yana ƙarƙashin mangwaro, ya ɗaga hannu ya sara mana. Haka yake yi koyaushe.

Lahadi, 24 ga Maris

Yayana Cirilo ya zo bayan coci. Shi ya tsallake, ya baro yatsun ƙafa biyu a can, shi ne kuma shugaban ƙungiyar tsofaffin sojoji a garin nan. Hular nan tasa ko wanka ban jin yana cire ta.

Na ɗora ruwa, muka zauna shan mate, shayin ganyenmu da kowa ke tsotsa da bututu daga ɗan duma ɗaya. Ni ke zubawa, ɗan duman na zagayawa, Yaya, Telo, Itatí, ni. Na tuna Mama, da ko mai karɓar haraji ya zauna a tsakar gidanta ba ta tsallake shi. Tana zaginsa tana miƙa masa.

Telo ya yi ta kewaye-kewaye kafin ya ce, "Yaya, ƙudirin nan fa, an ce za a tambayi ƙungiyarku."

"Za a tambaya."

"To me za ku ce?"

Yaya ya tsotsi bututun har ya yi ƙara. Ya ce, "Mai Rago, kai ɗan'uwana ne. Amma na binne yara a can da hannuna. In kowa tsohon sojan yaƙi ne, su kuma mene ne?"

Na ce, "Yaya, rami ɗaya ne fa, ba gadonka zai hau ba. Ga shi siriri, ba zai ci wuri ba."

Aka yi dariya, har da Telo. Itatí ce kawai ta tashi wai za ta duba wanki. Babu wanki.

Talata, 2 ga Afrilu

Ranar tunawa da yaƙin. Na goge masa koren jaket ɗinsa na soja, ya yi masa yawa yanzu, kamar an rataye shi a ƙusa.

A dandali kamar kullum. Kujeru a gaba na waɗanda suka tsallake, sai igiya, sai mu. 'Yan makaranta sun miƙa wa na kujeru furanni. Telo ya ƙame a bayan igiya yana sara wa tuta, yana danne tari har wuyansa ya yi baƙi. Wata malama ta ce, "Baba, ka ɗan matsa, yara ba sa ganin sojoji."

Ya matsa.

A hanya na ce masa Janar, rundunarka ta yi kyau yau, ni da mai sayar da gugguru. Ya ce, "Tsohuwa, ki bari in yi numfashi tukuna, sai in yi dariyar."

Laraba, 10 ga Afrilu

Ya ce za shi babban birni ranar da kwamiti zai saurari mutane. Na ce da wane huhun? Ya ce da naki, tunda ba ya ƙarewa.

Alhamis, 25 ga Afrilu

Mun je, mun dawo.

Ban san ta ina zan fara ba. Ɗakin sanyi ƙalau da na'ura, tsofaffi irin Telo sun cika benci na baya, kowa da tsohuwar jakarsa ta leda. Wani ya yi magana a madadinsu, 'yan majalisa biyu na duba waya.

Sai aka kira Yaya. Ya iya tsayuwa, ya iya magana, tun muna yara shi ke cin gardama. Ya faɗi sunayen yaran da ya binne, ni kaina na share ido. Daga nan ya ce, "Ba ƙiyayya ba ce. Mijin ƙanwata yana nan zaune, mutumin kirki. Amma ku tambaye shi wa ya yaƙa. Ya ce wane ne, aka ce masa *baaa*."

Ɗakin ya fashe da dariya. Ya ba su shi duka, har gemun, har lambar girman da na ƙara watan jiya. Ko wace mai dogon baki ce ta kai masa. Yadda nake jan muryar ragon, haka ya ja ta.

Shugabar kwamiti tana goge gilashinta don dariya. Ta ce, "Ina mai ragon yake?"

Telo ya miƙe. Ya sara musu.

A mota taga ya yi ta kallo. Ni ma. Labari ne kawai, kowa ya san labari ne. Shi ma ai yana dariya duk shekarun nan.

Juma'a, 26 ga Afrilu

Ya sha ƙwaya. Bai ci abinci ba.

Talata, 7 ga Mayu

Sanyi ya shigo. Itatí ta samo aron tulun iskar numfashi, yana tsaye gefen gado kamar baƙon da ba ya gaisuwa. Na raɗa masa suna Kofur. Telo ya juya fuskarsa ga bango.

Itatí ta ce, "Kaka, ke ba kya gajiya?" Na ce da me? Ta ce ba komai. Yaran yanzu, sai su jefa maka dutse su ce ba komai.

Alhamis, 16 ga Mayu

Da hantsi na fito da shi rana. Na zauna kusa da shi ina wanke nama a roba, ruwan ya yi ja. Ya ce, "Nicasia, ɗauke robar nan."

Ba Tsohuwa ba. Nicasia.

Na ce Janar da ya kashe kwamandan Ingila yana tsoron ruwan nama? Shekara arba'in ko cokali ba ka taɓa wanke min ba, ko kallon ma ba za ka yi ba?

Sai ya fara, a hankali, yana tsayawa neman iska. Ya ce bayan ragon an cire shi daga gadi, horo, aka tura shi bayan asibitin filin jirgi. Jirage na sauko da waɗanda aka harba a tsibiran. Ana shiga da su ciki, a turo masa gadajen tamfol ɗin da aka ɗauko su a kai. Aikinsa ya wanke, don jirgi na jira ya koma da su. Rabin ganga, ruwa mai ƙanƙara, burushi. Ya ce ba jini kaɗai ke zuwa a kai ba. Wata rana ya sami abin da bai san inda zai kai shi ba, ya tambayi saje, saje ya ce sa a aljihu in kana so. Ya haƙa rami bayan katanga ya binne, ya yi addu'ar da ya iya.

Ya ce, "Ina duba kowane gado ko zan gane na Cirilo. Kamar jini na da suna."

Na ce me ya hana ka faɗa, ko a gaban kwamitin?

Ya ce, "In ce me? Su sun zubar, ni na wanke. Na ragon ya fi daɗin ji. Kuma kin iya ba da shi."

Na ɗauke robar. Na zubar da ruwan can bayan kejin kaji. Naman ya ƙone, ban san inda hankalina ya tafi ba.

Juma'a, 17 ga Mayu

Na ce zan je in gaya wa Yaya. Ya ce in na je shi da ni. Wai ba zai roƙi kabari da jinin wasu ba.

Taurin kai. Duk danginsu haka suke.

Asabar, 1 ga Yuni

Rediyo ta ce an ajiye ƙudirin sai zama na baɗi, a ƙara nazari. Suka sa waƙa a bayansa.

Baɗi.

Telo ya ce in kashe. Ya ce, "To, a kai jaket ɗin nan wa mai gadin makaranta, yana jin sanyi." Ban kai ba. Yana cikin akwati.

Lahadi, 9 ga Yuni

Na ce zan kai wa Mama furanni, na je maƙabarta. Kusurwar sojoji an yi mata farin fenti, ga tuta, ga guntuwar katanga iya gwiwa. Wurin da ya rage a ciki zai ɗauki rabin garin nan.

Dattijo Anacleto mai haƙa kabari ya ce akwai fili jikin katangar ta waje, ba mai so saboda tururuwa. Na ce ya riƙe mana. Ya ce, "Na Mai Rago ne?" Na ce na Eleuterio Maidana ne. Ya cire hula yana ba ni haƙuri, bai san laifin da ya yi ba.

Bayan igiya dai, har can.

Matan layi sun aiko wai gobe chipá. Na ce hannuna na ciwo.

Alhamis, 20 ga Yuni

Yaya ya zo da lemo cikin leda. Telo ba ya fita yanzu, a ɗaki muka zauna, shi da Kofur, Itatí a bakin gado. Na kawo ruwan zafi.

Yaya ya dafa ƙafar Telo ya ce, "Mai Rago, ka tashi mana, Ingilishi sun ji kana kwance za su dawo." Da zuciya ɗaya ya faɗa, na sani. Idonsa ma ya kawo ruwa.

Na zuba na miƙa wa Telo. Na zuba na miƙa wa Itatí. Na zuba na sha. Na sake miƙa wa Telo.

Hannun Yaya na nan a buɗe a kan gwiwarsa. Zagaye na biyu ma haka. Itatí ta sunkuyar da kai. Can ya ce bari ya tafi, ana jiransa a ƙungiya. Ya manta hularsa a kujera, sai da Itatí ta bi shi da ita.

Mantuwa ce. Tsufa ne, jiya ma na sa gishiri a madara.

Da suka fita Telo ya yi dariyar da ta zame masa tari. Ya ce, "Ashe a gidan nan ke ce kika iya tsallakewa." Ya huta, ya ce, "Tsohuwa, kwana nawa ba ki ce min Janar ba."

Na ce an rage maka girma, ba ka ji a rediyo ba?

Ya ce in ba shi labarin ragon, ya daɗe bai ji ba. Na ce ya shige min, in na tuna zan faɗa.

Lemon ya ɓata masa yatsu. Ruwan butar da saura, da ɗuminsa. Na zuba a ƙaramin kwano na kawo, na kama hannun na sa a ciki. Ya rufe ido. Bai janye ba.

Ya sha ƙwaya.