Fijo Ko Bosuwaja

Litinin, 6 ga Mayu

Za a raba garejin marigayi Baba biyu a gina wa Inna ɗaki kusa da nawa. Cikin tsofaffin motocinsa biyu dole ɗaya ta tafi wajen 'yan gwangwan. Yaya Huseina ta ce in zaɓa. Ni so nake in bar wadda aka ɗauko Inna da ita daga Bungudu zuwa nan Gusau ranar aurenta, ko ganinta zai dawo mata da wani abu. Yau ma ta tambaye ni ɗan gidan wa ne ni. Na ce, "Inna, ni ne Yahuza." Kullum sai na faɗa, kullum sai abin ya yi mini ciwo.

Laraba, 8 ga Mayu

Na yaye tamfol ɗin da ya rufe motocin. Fijo 404 doguwa, ƙofa huɗu, har yau da kwarjininta, kuma a cikinta na koyi tuƙi. Bosuwaja kuwa ga ƙusumbi kamar kunkuru, inji a baya, but na kaya a gaba, komai nata a juye. Wane ango mai hankali zai aika wannan ɗaukar amarya?

Asabar, 11 ga Mayu

Na je Tsafe wajen Kawu Mahadi. Har da rantsuwa Fijo ce, shi ya tuƙa. Na sha ruwa zan tashi, sai ya ce, "Tsaya, ko bikin ƙanwarmu Nafisa ne wancan?" Na dawo kaina ya fi ɗaurewa.

Lahadi, 12 ga Mayu

Gwaggo Sa'adiya ta Bungudu ta ce Bosuwaja, ta ce Fijo, daga ƙarshe ta ce ita a akori-kura ta bi su da kayan ɗaki. Ikon Allah!

Talata, 14 ga Mayu

Isah makanike ya ce Fijo ta fi ƙwari, Bosuwaja ba ta shan ruwa, zaɓi nawa ne. Na ce 'yan gwangwan su ɗauki Bosuwaja ranar Juma'a. Ban san me ya sa raina bai kwanta ba.

Alhamis, 16 ga Mayu

Na kawo Inna gareji, na ce ta nuna mini motar aurenta. Ta dube ni sheƙeƙe. "Mi na gani? Lulluɓe nike, ina kuka." Wallahi ban taɓa kawo wannan ba, amarya ai ba ta ganin motarta. Har mun juya ta ce, "Ƙarar dai bayana take, kamar ana biyo ni." Na tuna wadda injinta ke baya. Ashe kunkurun ce.

Na kira Isah. Fijo ce za ta tafi. Ba zan fito ba gobe idan za a ja ta.

Litinin, 20 ga Mayu

Isah ya sha fama, injin Bosuwaja ya tashi. Tayu babu, kan bulo take. Na zaunar da Inna a baya, na shiga gaba. Tana jin ƙarar ta ja mayafi ta rufe fuska. Can ta ce, "Direba, mun kusa Gusau?"

Na buɗe baki zan faɗi abin da na saba faɗa. Sai na ji na ce, "Saura kaɗan, amarya."

Gobe zan sayo mai. Don kada injin ya lalace ne kawai.